Biyun Ango, Ukun Amarya

"…ƙalau nake, har zuwa lokacin da kika ɗaga labulen nan. Daga yanzu kuma sai yadda Allah ya yi."

"Ni fa ba lafiyarka na zo tambaya ba, Ango. Leƙowa na yi in ga abin da zan gada, kar a riga ni."

"Ga sanda nan, ita ce rabonki. Tun ina raye ma zan ba ki, a gadon baya."

Amarya ta yi dariya, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ya amsa yana kallon taga kamar wanda aka tilasta. Sannan ta ja kujerar roba ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

Ba sunanta ke nan na gaskiya ba. Kakanta ne ya laƙaba mata tun ranar da aka miƙa masa ita cikin tawul, ya duba fuskar ya ce wannan dai ba mai kwasa sai shi. Sunan ya bi ta har jami'a. Ita kuma tunda bakinta ya buɗe take ce masa Ango. Tsohon direban bas ne, wanda ya tsufa a kan sitiyari. Watannin baya ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu. Ƙafar ta dawo, bakin kuwa dama bai je ko'ina ba, amma hannun ya maƙale a hanya. Ga shi nan kwance a kan cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Kullum yana zaune a kujerarsa mai hannun katako a gefen taga, kwalaben magani jere a kan tebur, fanka na juyawa a sama tana ƙiƙi-ƙiƙi. 'Yarsa, goggon Amarya, ita ke kula da shi, kuma ita ta kira ta da safe ta ce in ta taso daga makaranta ta biya kantin magani.

"Ina aiken da aka yi miki?" in ji tsohon. "Goggonki ta ce za ki kawo ƙwallon roba na matsawa."

"Au, ashe ka san da maganar likita. Ina wanda aka sayo maka wancan karon?"

"Ya yi tafiya."

"Zuwa ina?"

"Ƙwallo ne, ya gangara. Ni ɗan sanda ne da zan bi shi?"

"Wanda aka sayo kafin shi fa?"

"Kyanwar maƙwabta ta nuna tana so. Ni kuma ba a san ni da rowa ba."

"To shi ya sa na kawo maka wanda kyanwa ba ta iya ɗauka."

Ta zuge jakar ta zaro wata 'yar ganga, tsayinta bai wuce gwangwanin madara babba ba, fatar ta yi duhu a tsakiya saboda hannuwan da suka riga suka bi ta kanta. A shagon tsofaffin kaya da ke bayan makarantarsu ta samo ta. Ta ɗora ta a kan tebur, tsakanin kwalaben magani.

Tsohon ya dubi gangar, ya dube ta, ya sake duban gangar.

"Goggon Amarya!" ya ɗaga murya wajen kicin. "Zo ki ga abin da karatu ya yi wa yarinyar nan! An aike ta ƙwallo ta kawo ganga. Gobe in aka aike ta magani, jaki za ta jawo mana."

"Ku dai ku ƙarata can," muryar Goggo ta fito tare da ƙarar murfin tukunya. "Ni ba na shiga tsakaninku, daga baya ni ke jin kunya."

"Ka ji ko? Ba ka da kowa sai ni."

"Wannan shi ne babban ciwon, wanda likita bai gano ba. To wai ke, tsakaninki da Allah, me ake koya muku a can? Jami'a guda, da benaye, da manyan malamai masu gilashi, a tara 'ya'yan mutane…"

"Tafi."

"Me?"

"Tafi ake koya mana. Jiya ma wuni muka yi muna tafi."

"Innalillahi! Tafin da ni na koya miki kina zaune a ƙafata, kina zubar min da miyau a riga? Ashe ni farfesa ne ban sani ba. Ina takardar shaidata?"

"Naka tafin korar kaji ne. Namu akwai lissafi a ciki."

"Yarinya, ni da kike gani, da hon kaɗai nake kiɗa. In na shigo tasha na danna shi, masu sayar da lemo ajiye faranti suke su taka. Akwai ɗan sandan da ya taɓa tsayar da ni a tsakiyar titi, ya ce ba laifi na yi ba, roƙo yake in maimaita."

"Goggo ta ce ƙafarsa ka kusa takewa."

"Goggonki ba ta nan. Tana goye a lokacin."

"To ni malamarmu ranar da ta fara jin bugun hannuna, sai da ta cire gilashi ta share hawaye."

"Na tausayin iyayenki."

"Na farin ciki! Cewa ta yi tunda take koyarwa ba ta taɓa jin irinsa ba."

"Wannan kam na yarda ta faɗa. Ni ma tunda nake ban taɓa jin irin muryarki ba. Kina waƙa a banɗaki rannan, mai gyaran famfo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya ji bututu na kuka."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta sunkuya tana murza igiyar jakarta. Tsohon ya kalle ta ta gefen ido. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskokin fasinja ta madubi, ba a ɓoye masa irin wannan.

"Faɗi," ya ce. "Wa ya taɓa min mata?"

"Ba kowa."

"To me ya sa bakin ya yi tsawo har yana neman taɓa gangar?"

Sai ta faɗa masa. Zangonta na farko ke nan a sashen kiɗa, kuma da son abin kawai ta shiga, ba ta taɓa riƙe wani abin kiɗa ba. 'Yan ajinsu kuwa, wani a gidansu akwai piyano tun yana rarrafe, wata in ta rungumi jita sai ka ce da ita aka haife ta. Darasin da ya fi ba ta wuya shi ne na kari, wato yadda ake jera bugu da tazara. Ɗakin ba shi da tebur ko ɗaya, an tura kujerun jikin bango, malamar kan cire takalmi ta tsaya a tsakiya, su kuma su yi da'ira, a yi ta tafi ana buga ƙafa. Mako mai zuwa akwai gwaji. Mutum biyu-biyu za a fito: ɗaya ya riƙe bugu biyu, ɗayan ya sa uku a cikin wannan tazarar, su fara tare su dawo tare. Bayan haka mai ukun ya ƙara wani abu nasa na kansa, wanda bai kwaikwayo a wurin kowa ba.

"To ina wahalar? Biyu da uku ai ko ɗan kwandasta ya san biyar ne."

"Ba tarawa ake ba, Ango. Duk wanda ya tsaya kusa da ni, da ya fara nasa sai in saki nawa in bi shi. Ban ma sanin lokacin da na koma. Yaron da aka haɗa mu wancan makon, silin ya yi ta kallo har aka tashi. Yanzu in malama ta ce kowa ya nemi abokinsa, sai ka ga kowa ya tuna igiyar takalminsa ta kwance." Ta saki igiyar jakar. "Abu na kaina kuma, ni ban ga komai a kan nawa ba. Duk abin da na buga, sai in tuna inda na ji shi. Shekaranjiya na je na tambayi yadda ake sauya sashe."

Fankar ta yi ta ƙiƙi-ƙiƙinta. A waje wani mai babur ya wuce yana ta hon.

"Kin san kujerar da kike kai?" in ji tsohon.

"Ta roba ce."

"A kanta na zaunar da ubanki. Ya zo yana huci, wai ke haɗa magunguna za ki karanta, kiɗa ba karatu ba ne. Na ce masa kai da na haifa, har ka yi gemun da za ka zaɓa wa matata sana'a? Sai da na wanke shi tas, ya fita yana ba ni haƙuri. Yanzu so kike ya dawo ya tsaya min a ka, ya harɗe hannu ya ce, Baba, ban faɗa maka ba? Wallahi gara ciwon nan ya zagayo ta dama."

"Kai dai ba ni kake ji ba, girmanka kake ji."

"Da wa zan ji? Ke in kin faɗi, kuka za ki yi ki share. Ni kuwa da wannan yaron zan zauna har ƙarshen rayuwata. Miƙo gangar nan."

Ta miƙa masa. Ya saƙale ta tsakanin gwiwoyinsa, ya gyara zama kamar zai tayar da mota.

"Biyu kawai za ka riƙa yi," ta ce. "Dum… dum. Dum… dum. Kar ka yi sauri, kar ka tsaya. Ko wanda ba shi da haƙori zai iya."

"Haƙorana na cikin kofi suna hutawa, sun yi aikin da naki ba za su yi ba. Mu je."

Ya fara da hannun dama. Ba laifi, bugun na tafiya daidai. Ita kuma ta fara tafa ukunta a cinya. Zagaye na farko ta riƙe, na biyu ta yi tangaɗi, kafin na huɗu tana buga biyu tare da shi tiryan-tiryan.

"Ah ah! Ina ukun?"

"Kai ka ja ni!"

"Ni na ja ki? Ina zaune a layina kika shigo min ba ko sigina."

Suka sake. Ta sake komawa nasa.

"Ke ai fasinjar gaba ce. Duk inda direba ya karkata, nan kike zubewa."

"Ƙarfi kake sawa da yawa! Kamar kana kiran mutanen wata unguwa. Ba na jin nawa." Sannan ta ce da wata murya wai ita ba komai, "Yi da hagu mana. Zai fi taushi."

Ya ɗago ya zuba mata ido.

"Wato ke da goggonki kun haɗa baki."

"Ni da Goggo? Matar da ta ce ba ta shiga tsakaninmu?"

"Na ga wayonki tun daga bakin ƙofa. Wayon ma irin na gidan uwarki ne, ana hango shi daga nesa."

"Shi ke nan, bar shi. Dama an ce min hannun ya yi ritaya. Zan nemi saurayi mai hannu biyu a ajinmu."

"Waɗanda ke kallon silin?"

Ta taɓe baki. Shi kuma, ganin ya ci nasara a wannan karon, sai ya kama hannun hagun da na dama, ya ɗaga shi ya aza a kan fatar.

Bugun farko ya fito, ɗan siriri. Na biyu ya makara. A na uku hannun ya zame ta gefen gangar ya faɗa kan cinyarsa. Ya ɗago shi ya mayar. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, yatsun suka yi rawa a sama suka ƙi sauka lokacin da ya ce su sauka. Da suka sauka kuma, gangar ta kuɓuce daga gwiwoyinsa, ta faɗi ƙasa ta gangara har ƙarƙashin tebur.

Amarya ta yi saurin cewa, "Ka ga, ita ma ta bi ƙwallayen."

Bai yi dariya ba. Yana kallon hannun, irin kallon da ake yi wa wanda aka daɗe tare ya ci amana. Hannun da ya riƙe sitiyari a kan tudu da gangare, da mutane cike a bayansa. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a asibiti.

"Ke, ki tafi," ya ce.

"Haba Ango, daga wasa…"

"Ke, ki tafi!" Ya daki hannun kujera da tafin damansa.

Wannan ba zolaya ba ce, ta sani. Idonta ya kawo ruwa. Ta tsugunna ta jawo gangar, ta ɗauki jakarta, ta nufi ƙofa. Daga can bakin kicin Goggo ta leƙo, ta yi mata alama da hannu cewa ta ƙyale shi ya huce. Amarya ta san ita ta jawo wannan. An aike ta abu mai sauƙi, ta zo ta tona wa tsoho asiri a gaban kansa, don kawai tana ganin ta fi kowa dabara.

Ta tsaya riƙe da labule, ta kasa fita, ta kasa komawa.

"Ke, ki tafi," ya sake cewa, a hankali wannan karon, kansa a sunkuye.

Yatsunta na kan katakon ƙofa. Ba ta san sun motsa ba sai da ta ji su: ɗaya mai tsawo, biyu gajeru a manne, ɗaya a ƙarshe. Ta sake bugawa. Ta saki labulen ta juyo.

"Sake faɗa."

"Kin kurumce ne?"

"Don Allah sake faɗa, yadda ka faɗa yanzu."

"Yau na ga ikon Allah. Ana korar mutum yana neman ƙari. Ke, ki tafi!"

"Shi ne! Wallahi shi ne!" Ta yar da jakar, ta dawo da gudu ta durƙusa a gabansa. "Abin da malama ke ta nuna mana ke nan, in an haɗa biyun da ukun haka suke fita. Saurara. Ke, tare muke bugawa. Ki, ni kaɗai. Ta, kai kaɗai. Fi, ni kaɗai. Ka gani? Naka biyu ne, ke da ta. Nawa uku, ke da ki da fi. Ba bin ka zan yi ba, ba gudunka zan yi ba, kowa ya san inda zai shiga!"

Ya dube ta, hawaye bai bushe a fuskarta ba ga ta tana washe baki.

"Goggon Amarya! Kawo ruwa, yarinyar nan ta zare."

"Riƙe nan." Ta mayar masa da gangar tsakanin gwiwoyi, ta cire ɗankwalinta na wuya ta zagaye gangar da cinyarsa ta ɗaure. "Yanzu in ta gudu, da kai za ta tafi."

Ya ɗaga hannun dama. Ta kama shi ta ajiye a kan hannun kujera.

"Wannan ya cika rawar kai, irin 'yan ajinmu ne. Ni a hankali nake so. Wancan shi ne daidai ni. Yau ya fara, ni ma yau na fara."

"Kin haɗa hannuna aji ɗaya da ke?" Ya yi gyaran murya. "Duk zagin da aka yi min a tasha, ba a taɓa min irin wannan ba."

Amma ya ɗago shi ya aza.

Suka fara a hankali ƙwarai, kamar masu tura mota a yashi. Shi yana faɗa da baki, kowace gaɓa da tazararta. Ke. Ki. Ta. Fi. Hannun ya makara, ta jira shi. Ya zame, ya mayar da shi da kansa. Can sai ita ta ruɗe ta buga a wurinsa.

"Wannan ta ɗin tawa ce! Ɓarauniya!"

"Yi haƙuri, aro na yi."

"Ba na ba da aro. Koma layinki."

Ta koma. Suka yi ta zagayawa. Ke, ki tafi. Ke, ki tafi. A wani zagayen da ba ta lura da shi ba, sai ta ji ta daina ƙirgawa a ka. Bugunsa na tafiya a gefe, nata na tafiya a gefe, suna haɗuwa a kan ke su rabu, su sake haɗuwa. Tsigar jikinta ta tashi. Da ya jefo mata nasa, sai ta mayar masa a kan karin: "Kai ka tafi!"

"A ɗakina?"

"Kar ka tsaya! Faɗi naka!"

"Ke, ki tafi!"

"Ban tafi ba!"

A nan ta bar gurbin bugu ɗaya fayau, ta cike shi da ƙyasta yatsa, sannan ta sauko da tafi biyu a cinya ta tarye shi a kan ke. Ba ta taɓa jin wannan a wurin kowa ba. Ta maimaita don ta tabbatar ba tsautsayi ba ne, ya sake zama daram.

Labule ya motsa. Goggo ce tsaye da ludayi a hannu, idonta a kan hannun mahaifinta yana tashi yana sauka a kan fata. Ta toshe baki da gefen mayafinta, ta juya ta koma kicin. Amarya ta gani, ta kawar da kai. Ta san in aka kuskura aka yaba masa, yanzu zai ajiye.

"To tsaya," in ji tsohon yana haki kaɗan. "Wannan ai don ina lallaɓa ki ne. A wurin gwajin wa zai lallaɓa ki? Bari in ja ki da gangan. In kika biyo ni, kin yarda duk gidan nan ba wanda ya kai ki taurin kai."

"In ban biyo ka ba fa?"

"Ba za a yi haka ba, balle mu ɓata baki."

Suka ɗauka. Ya yi tari a tsakiyar bugu, ta riƙe. Ya daina faɗa da baki, ta ci gaba da faɗa a ranta.

"Ga ƙadangare nan a bayanki."

Ta riƙe.

"Hancin nan naki, ranar da ake rabo kina barci ne?"

"Naka na gado," ta ce, hannunta bai tsaya ba.

"Ubanki ne a bakin ƙofa."

Kafaɗarta ta ɗan motsa, amma ba ta waiwaya ba. Ya sa hannun dama ya shiga dukan hannun kujera barkatai, ya rera wata tsohuwar waƙa da muryar da ta fi ta fankar muni, ya buga sandarsa da ƙafa ta faɗi. Amarya ta runtse ido, ukunta na tafiya kamar an ɗora a kan layin dogo. Shi ne ma daga ƙarshe ya ruɗe, ya buga uku tare da ita.

Ta buɗe ido. "Wa ya bi wani?"

"Hannun ne ya gaji."

"Wa ya bi wani, Ango?"

"Kujerar nan ƙafarta ɗaya ta fi gajarta."

"Fasinjan gaba! Duk inda direba ta karkata!"

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki, har yana share ido da bayan hannu.

"Na ji, kin ci. Amma ki sani, waƙar tawa ce. Ki faɗa wa malamar taku wanda ya ƙirƙiro ta."

"Korata ka yi. Ni na mai da ita kiɗa."

"Ba don na kore ki ba da me za ki kaɗa? Gobe ma ki dawo in sake korar ki, akwai sauran zagi da yawa a wurina, har ki gama jami'ar ba za su ƙare ba."

"Zan dawo. Gangar kuma a nan za ta kwana, kar in zo ka ce min kyanwa."

Ya saurara wajen kicin, ya ji ana zuba ruwa a tukunya. Sai ya yafito ta da yatsa, ya karkata, ya zura hannu can ƙarƙashin katifar kujerarsa yana lalube. Ya fito da alewa guda biyu a cikin takardarsu mai ƙyalli, duk sun baje saboda zama.

"Ango! Ba an hana ka zaƙi ba?"

"Rufe min baki. Ungo ɗaya, ladan makaɗiya. In kika faɗa wa goggonki, na sake ki."

"Tun yaushe suke nan? Ta manne da takardar."

"Tun kafin a haifi ubanki nake ajiye miki ita. Sha ki gode."

Suka duƙufa suna ɓare takardun, kowa na ƙoƙarin yin a hankali, takardun kuwa sai ƙara suke ƙaras-ƙaras.

"Me nake ji kamar takardar alewa a ɗakin nan?" Goggo ta ɗago murya daga kicin.

Suka dubi juna, kowa da kumatu a cike.

"Kiɗa ne!" suka amsa a tare.